Martani Kan Haddar Jadawalin Aikatau na Ingilishi a Makarantun Birnin Kudu da Gwaram

Wani tsohon malamin Ingilishi ya fitar da maƙala a kan raunin da ɗaliban sakandare na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram a jihar Jigawa suke nunawa a wannan darasi, kuma ya tattara laifin gaba ɗaya ya ɗora shi a kan watsi da aka yi da haddar jadawalin aikatau. Jadawalin da yake nufi shi ne jerin nan mai gida uku da ake bugawa a ƙarshen ƙamus ko littafin nahawu, wanda gidansa na farko yake ɗauke da siffar aikatau ta asali, na biyu da siffar da ke nuna abin da ya wuce, na uku kuma da siffar da galibi ake jingina ta da wata kalma mai taimako, kamar dai yadda ake rera “go, went, gone”. A ganinsa aikatau na Hausa ba ya sauya siffa ko kaɗan, saboda haka yaron da ya tashi da Hausa a baki ba shi da wata madogara a harshensa da za ta taimake shi ya fahimci wannan sauyi, kuma babu abin da ya rage face a sa shi ya haddace jerin daga farko zuwa ƙarshe, a riƙa rera shi kowace safiya, a kuma hana Hausa shiga ajin Ingilishi don kada ta gurɓata abin da aka haddace. Ya kafa hujja da ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu na zamanin da, waɗanda ya ce da wannan hanya aka koyar da su har suka zama abin da suka zama.

Adalci ya sa a fara da inda marubucin ya yi gaskiya, domin ba a musun cewa gajerun kalmomin aiki da jadawalin ya ƙunsa su ne ƙashin bayan Ingilishi. Masanin harshe Steven Pinker ya nuna a wani littafinsa da ya fito a 1999 cewa kalmomin aiki goma da suka fi yawan fitowa a harshen, wato “be”, “have”, “do”, “say”, “make”, “go”, “take”, “come”, “see” da “get”, babu ko ɗaya a cikinsu da ke bin ƙa'idar gama-gari ta liƙa ɗafa-ƙeyar “-ed” domin nuna abin da ya wuce, kuma mai karatu zai lura cewa dukkansu masu gaɓa ɗaya ne. Irin waɗannan su ne za a kira bauɗaɗɗu a wannan rubutu, tunda sun bauɗe wa ƙa'idar da sauran dubban kalmomin aiki suke bi. Yawan amfani ne ya tsare musu bauɗewarsu, kamar yadda binciken da Erez Lieberman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Nature a 2007 ya nuna, inda suka bi sawun bauɗaɗɗu 177 na tsohon Ingilishi, suka tarar 145 ne suka ci gaba da bauɗewa a Ingilishin tsakiyar zamani, 98 kuma suka kawo yau a haka, sannan waɗanda suka riga komawa kan ƙa'ida su ne waɗanda ba a cika furtawa ba. Tun kafin wannan, a 1930, C. K. Ogden ya tsara wani taƙaitaccen Ingilishi mai kalmomi 850 wanda kalmomin aiki 18 kacal ne a cikinsa, kuma ko da yake tsarin nasa bai yi tasirin da ya so ba, ya nuna irin nauyin da 'yan kalmomi kaɗan suke iya ɗauka.

Sai dai waɗannan bayanai da kansu ne suke rushe shawarar da marubucin ya kawo. Jadawalin da ke bayan ƙamus an jera shi ne bisa tsarin abacada domin sauƙin dubawa, shi ya sa yake farawa da kalmomi irin su “arise” da “awake”, ya ratsa ta “cleave” da “forsake”, waɗanda ɗalibin ƙaramar sakandare a garuruwan yankin irin su Kangire ko Basirka zai iya gama makaranta bai taɓa bukatar ɗayansu ba, alhali “say” da “see” da “take” suna can ƙasa, inda sau da yawa zangon karatu yake ƙarewa ba a kai ba. Malamin da ya bi jerin daga sama zuwa ƙasa ya ba kalmar da ba a cika ji ba lokaci daidai da kalmar da ba a iya hira ba tare da ita ba. Bugu da ƙari, aikatau mafi yawan fitowa a harshen, wato “be”, siffofi takwas gare shi, kuma gida uku ba ya ɗaukarsu, don haka “am” da “is” da “are”, waɗanda yaro yake bukata tun ranar farko, yawanci ba sa cikin abin da ake rerawa.

Abin mamaki ne a ce mai kare hadda bai waiwayi gwanayen hadda da ke ƙofar gidansa ba. A zaurukan malamai na ƙasar Hausa an daɗe ana koyar da sarfu, wato ilimin jujjuya kalmar Larabci, an karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya wallafa littafi sukutum a kan wannan fanni mai suna Al-Hisnur Rasin. Malaman sarfu ba sa jera fi'ilai daga alu zuwa ya su ce a haddace. Sun kasa fi'ili mai harafi uku babi shida gwargwadon yadda wasalinsa na tsakiya yake sauyawa, suka ba kowane babi kalma guda da za ta zama ma'auni, irin su nasara yansuru, da fataha yaftahu, da alima ya'alamu, ta yadda almajirin da ya gamu da sabuwar kalma abin da zai tambaya kawai shi ne daga wane babi take. Bauɗaɗɗun Ingilishi ma suna karɓar irin wannan kaso ba tare da wahala ba. Akwai babin da wasali ke zagayawa sau uku, kamar “sing, sang, sung”, wanda “ring” da “drink” da “begin” da “swim” suke ciki, akwai babin “buy, bought” wanda ya haɗa “bring” da “think” da “catch” da “teach”, akwai na “know, knew, known” tare da “grow” da “throw” da “blow”, akwai kuma babin da ba ya motsi sam, irin su “cut” da “put” da “hit” da “shut”. Wannan martani bai ƙi hadda ba, domin akwai siffofin da ba su da wata hanya sai a riƙe su da ka, kuma yaran da suka saba da allo ba su da matsalar riƙewa. Abin da ya ƙi shi ne hadda marar tsari, wadda malaman zaure da kansu ba su yarda da ita ba.

Da'awar da ta fi bukatar a tsaya a kanta ita ce cewa aikatau na Hausa ba ya sauyawa, domin a kanta aka gina komai, kuma kuskure ce. Gaskiya ne cewa Hausa ba ta nuna lokaci a jikin aikatau, tana nuna shi ne a kalmar da ke gabansa, wadda masana nahawu suke kira lamiri, shi ya sa “tafi” yake zama yadda yake a “ya tafi” da “zai tafi” da “yakan tafi”. Amma rashin nuna lokaci daban, rashin sauyawa daban. Bahaushe yana cewa “abin da ya saya”, ya ce “ya sayi gero”, ya ce “ya saye shi”, wato kalma guda ta ɗauki wasali uku a ƙarshenta gwargwadon abin da ya biyo ta, ko babu komai, ko suna, ko wakilin suna, kuma yaron da bai shiga firamare ba ya riga ya iya wannan ba tare da an taɓa rera masa ba. Daga wannan saiwa ɗaya kuma ake samun “sayo” da “sayar” da “sayu”, kowace da ma'anarta, wanda shi ne tsarin giredin aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960, Paul Newman kuma ya faɗaɗa bayaninsa a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000.

Hausa tana ma da nata bauɗaɗɗun, kuma su ma gajeru ne masu yawan fitowa, daidai da yadda abin yake a Ingilishi. Ana cewa “ya gani”, da “ya ga sarki”, da “ya gan shi”, haka kuma “sani” yana komawa “san”, “bari” ya koma “bar”. Mafi kama da “go” da “went” shi ne lamarin “je”, domin babu Bahaushen da zai ce “yana je”, sai dai ya ce “yana zuwa”, ya ari siffar da “zo” ma yake amfani da ita, kamar yadda “went” asalinsa na wani tsohon aikatau ne daban, wato “wend”, da “go” ya ara ya riƙe. Idan aka ƙara da bambancin “sun tafi” da “suka tafi”, ko “suna aiki” da “suke aiki”, wanda Ingilishi ba shi da irinsa kuma yake wahalar da baƙin da ke koyon Hausa shekara da shekaru, za a ga cewa yaron wannan yanki ya shigo aji da nahawu mai sarƙaƙiya a kansa. Kudancin Jigawa kuma ba yankin harshe ɗaya ba ne, domin akwai Fulani da yawa, akwai kuma masu jin Warjanci a ƙasar Birnin Kudu, kuma da dama daga 'ya'yansu Hausar kanta harshe na biyu ce da suka koya a kasuwa da wurin wasa. Aikatau na Fulatanci yana ɗaukar ɗafa-ƙeya iri-iri, har baƙinsa na farko yana sauyawa tsakanin tilo da jam'i, don haka da hujjar marubucin gaskiya ce da 'ya'yan Fulani sun yi wa 'ya'yan Hausawa fintinkau a wannan fanni, shi kuwa bai kawo wata shaida da ta nuna haka ba.

Wahalar da ɗalibi yake sha tana wani wuri ne da jadawalin bai taɓa ba. A ɗauki ajin da ake bin shawarar marubucin: malam yana tsaye da alli a hannu, aji cike maƙil, 'yan layin gaba suna jan baƙi, na baya suna kama wutsiyar karin, ana rera “go, went, gone” har sai tagogi sun amsa. Da an gama, malam ya nuna wata yarinya ya tambaye ta da Ingilishi inda mahaifinta ya je jiya, sai ta amsa da “He is go to Sara market”, ko kuma ta ce “He has went yesterday”. Yarinyar ta san siffofin uku sarai, ta ma rera su yanzun nan, abin da ba ta sani ba shi ne wacce za ta ɗauka a cikinsu da kuma dalili. Tushen ruɗanin shi ne cewa lamirin Hausa ya fi damuwa da yanayin aiki, wato ko ya kammala ko yana gudana, shi kuwa Ingilishi yana tilasta wa mai magana ya nuna a kowace jimla ko abin ya wuce ko bai wuce ba. Shi ya sa “ya tafi” guda ɗaya take tsayawa a madadin “he went” da “he has gone”, kuma ita dai ce ke fitowa a “idan ya tafi gobe”, inda aikin bai ma auku ba, Ingilishi kuma ya bukaci “if he goes”. Haka “yana aiki” take zama daidai da jiya da yau da gobe, kalmar lokaci ko mahallin zance ne ke bambancewa, alhali Ingilishi zai nemi “was” ko “is” ko “will be”.

Akwai kuma rukunin kalmomin da ke nuna hali ko abin da ke zuci, inda harsunan biyu suka yi hannun riga. Bahaushe yana cewa “ya sani” da “ya gane” da “ya gaji” da lamirin kammalawa alhali halin da ake ciki yanzu yake nufi, don haka ɗalibin da aka koya masa cewa “ya” daidai take da gida na biyu zai rubuta “he knew” a inda ake son “he knows”. A ɗaya ɓangaren kuma Hausa tana cewa “yana da kuɗi” da “yana so”, da lamirin abin da ke gudana, wanda ke jan ɗalibi ya rubuta “he is having money” da “he is wanting”, siffofin da mai duba jarrabawa zai ja wa layi. Korewa da tambaya su ma suna da nasu tarkon, domin Ingilishi yana shigo da “do” ya ɗora masa nauyin lokaci ya bar ainihin aikatau a siffarsa ta asali, a ce “he did not go”. Ɗalibin da aka cusa wa cewa duk abin da ya wuce “went” ne zai rubuta “he did not went”, kuma a nan haddar ce da kanta ta jefa shi a rami. Abin lura shi ne cewa wannan gini na “did not go” ya fi kusa da Hausa fiye da kowane gini a Ingilishi, tunda a “bai tafi ba” ma kalmar da ke gaba ce ke ɗauke da lokaci da korewa, aikatau kuwa bai motsa ba, kuma malamin da ya rubuta jimlolin biyu a allo ɗaya a ƙarƙashin ɗaya ya gama bayani cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda aka hana shi furta Hausa a aji ba shi da wannan dama.

Wani abin da maƙalar ta tsallake gaba ɗaya shi ne furuci, kuma a nan ne za a ga cewa an bar jaki ana dukan taiki. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi, kuma mafi yawan kalmomin harshen da wasali suke ƙarewa. Babu inda baƙaƙe biyu ko uku suke cunkushewa a farko ko ƙarshen kalma, shi ya sa da aka aro kalmomin Ingilishi aka tsarga musu wasula suka zama burodi da benci da birki. To ɗafa-ƙeyar “-ed” furuci uku gare ta, tana fita kamar “t” a “walked” da “asked”, kamar “d” a “played”, sai a irin su “wanted” ne kawai take zama gaɓa mai zaman kanta. Kunnen da ya saba da Hausa yana jin bambancin “go” da “went” tun daga nesa, amma “walk” da “walked” kusan abu ɗaya suke a wurinsa, balle “asked” mai baƙaƙe uku a jere, kuma abin da kunne bai kama ba hannu ba ya rubutawa. Haka lamarin yake ga “-s” ɗin da ake liƙa wa aikatau idan aikau tilo ne na uku, kamar a “he asks”, wanda binciken masu nazarin koyon harshe na biyu tun shekarun 1970 ya nuna yana cikin abubuwan da masu koyo suke jinkirin ƙwarewa a kansu ko daga wane harshe suka fito. Ke nan kalmomin da suke bin ƙa'ida, waɗanda jadawalin bai ko ambace su ba, suna iya cin makin ɗalibi fiye da bauɗaɗɗun, kuma maganinsu horar da kunne ne da shifta da karatu a bayyane.

Yana da kyau a faɗi wani abu a taƙaice game da ɗalibin da ya rubuta “goed” ko “buyed”, wanda marubucin ya kawo a matsayin shaidar lalacewar ilimi. 'Ya'yan Turawan Ingila da Amurka ma suna faɗin haka a ƙuruciya, sau da yawa bayan sun riga sun iya cewa “went”, kuma tun gwajin da Jean Berko ta yi a 1958, inda yara suka liƙa ɗafa-ƙeyar da ta dace a kan kalmomin da aka ƙirƙira musu nan take, aka fahimci cewa yaro ƙa'ida yake tsamowa daga abin da yake ji. Mai “buyed” ya kama ƙa'idar, saura a nuna masa iyakarta, kuma bulala ba ta cikin kayan wannan aiki.

Ko da ɗalibi ya iya zaɓen siffa da furta ta, akwai sauran aiki, domin gajeren aikatau ma'anarsa tana hannun abokin tafiyarsa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, wanda yake cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci sarauta, wani ma ya ci amana, sannan ya sha ruwa, ya sha iska, ya sha wahala, ya sha kaye. Baƙon da ya haddace cewa “ci” na abinci ne “sha” na ruwa bai fara jin Hausa ba. Haka “get” da “take” da “make” suke a Ingilishi, inda “get up” da “get on” da “get over” ba su haɗa hanya ba, “take off” da “take after” ma haka, kuma “yi” guda ɗaya ta Hausa ta rabu gida biyu tsakanin “do” da “make” ba tare da wata ƙa'ida mai gamsarwa ba, a ce “make a mistake” amma “do homework”. Rera “get, got, got” bai koya wa kowa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ana samunsu ne ta hanyar gamuwa da kalmar sau da yawa a cikin jimloli masu ma'ana, wanda ke nufin littattafan labarai masu sauƙi a hannun yara, abin da maƙalar ba ta ambata ko sau ɗaya ba.

Batun hana Hausa a aji ya haɗu da wata muhawara da ta fi wannan girma, kuma ya kamata a raba su. Manufar Ilimi ta Ƙasa tun daga 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankin a shekarun farko na firamare, a 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida, sannan a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin da komawa ga Ingilishi. Kafin duk wannan akwai gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekaru shida, Ingilishi kuma a matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma ba a same su a bayan takwarorinsu a Ingilishin ba. Amma ko da wane harshe hukuma ta zaɓa domin koyar da lissafi da kimiyya, wannan bai amsa tambayar ko malamin Ingilishi zai iya ɗaukar minti biyu ya nuna wa ɗalibansa inda “ya tafi” ta rabu gida biyu ba. Dokar da ke sa monita ya rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa abin da ta fi haifarwa shi ne shiru, domin yaron da bai da kalmomin da zai yi tambaya da Ingilishi, aka kuma hana shi yi da harshensa, sai ya kama bakinsa, malam kuma ya ɗauki shirun a matsayin fahimta. Ba a cewa a mayar da ajin Ingilishi ajin Hausa, tunda ba a koyon harshe sai ana jinsa ana furta shi, kuma ga yawancin yaran karkara aji ne kaɗai inda suke jin Ingilishi. Wannan ma dalili ne na kada a ɓata ɗan lokacin da ake da shi wajen rera kalmomi tsirara waɗanda ba jimla ba ne.

Hujjar ɗaliban da kuwa tana da daɗin ji amma ba ta jure bincike. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye fitattun mutane, ciki har da Aliko Ɗangote, kuma babu mai ja da ingancinta a wancan zamani. Sai dai makarantun sakandare na gwamnati a lokacin 'yan kaɗan ne, ana tace masu shigarsu da jarrabawa daga faɗin lardi ko jiha, ɗalibai suna kwana a makaranta tare da malamai, suna da littattafai da ƙungiyoyin muhawara, kuma suna jin Ingilishi tun daga safe har dare. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, da wanda ya gaje shi a 1999, sun buɗe ƙofar makaranta ga jama'a masu yawan gaske, abin da ya sauya girman aji da yawan malaman da ake bukata. Idan ɗaliban da sun rera jadawali sun kuma iya Ingilishi, babu yadda za a yi a ware rerawar daga cikin duk waɗannan gatan a ce ita ce sila, kuma waɗanda suka rera shi a firamare suka faɗi jarrabawar shiga ba a jin ta bakinsu a irin wannan lissafi.

Tunda damuwar marubucin ta samo asali ne daga sakamakon jarrabawar WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Ingilishi yake tare wa ɗalibi hanyar Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko makarantar koyon aikin jinya da ke nan Birnin Kudu, ya dace a duba abin da jarrabawar take nema. Babu tambayar da ke cewa a jero gida uku na wani aikatau. A sashen zaɓi jimla ake bayarwa mai giɓi a ce a cike da siffar da ta dace da mahallin, a sashen insha'i kuma WAEC tana neman rubutu na kimanin kalmomi 450, wasiƙa ko labari ko muhawara, kuma kaso mafi tsoka na makin yana kan iya sarrafa harshe. Ɗalibin da ya zaɓi labari dole ya riƙe lokacin da ya wuce daga jimlar farko har ta ƙarshe, a nan ne kuma salon ba da labari na Hausa yake yi masa shigo-shigo, domin Bahaushe yana kafa lokaci sau ɗaya da “wata rana”, sannan ya ci gaba da “yana tafiya sai ya ga”, wannan “yana” kuma ita ce ke fitowa a takardar amsa a matsayin “is going” a tsakiyar labarin da ya faru bara. Aikin da ke gyara wannan shi ne ɗalibai su riƙa ba da labarin jiya cikin jimloli biyar ko shida, da baki sannan a rubuce, da kalmomin aiki goma ko ashirin mafiya yawan fitowa, a kuma mayar da kowace jimla korewa da tambaya. Inda aji ya yi yawan da malam ba zai iya duba littafin kowa ba, ana iya kasa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta nasa labarin a allo, sauran su nemo aikatau ɗin da ya zame daga lokacinsa su faɗi dalilin da ya sa suka ce ya zame.